Kuɗin Dako a Jirgin Ruwa: Yadda Girman Kaya Yake Yanke Farashi

GABATARWA

Mafi yawan kayayyakin da ake saye da sayarwa tsakanin ƙasashen duniya ta ruwa suke bi. Bisa ga lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya, fiye da kashi 80 cikin 100 na yawan kayan cinikin duniya jiragen ruwa ne ke ɗaukarsu. Haka abin yake a Nijeriya. Yadin da ake ƙararwa a Kantin Kwari, da kayan gyaran mota, da babura, da injunan niƙa, da alkamar da ake yin burodi da ita, galibinsu sun sauka ne a Apapa, ko Tin Kan, ko Lekki, ko Onne, kafin su hau mota zuwa garuruwanmu. Haka kuma riɗi da citta da ƙaro da soɓorodo da manomanmu ke nomawa, ta waɗannan tashoshi suke fita zuwa kasuwannin duniya.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kaya an biya masa kuɗin dako, kuma wannan kuɗi yana nan ɓoye cikin farashin da mai saye ke biya a kasuwa, ko cikin abin da ake rage wa manomi a kan buhunsa. An shirya wannan ɗan littafi ne domin a bayyana wa jama'a yadda ake lissafin kuɗin nan, musamman ga ƙananan 'yan kasuwa waɗanda suka fara odar kaya daga ƙasashen waje. Da yawa daga cikinsu sukan ɗauka cewa nauyin kaya kaɗai ake dubawa. Gaskiyar maganar ita ce, a jirgin ruwa wurin da kaya suka ci shi ne yawanci yake yanke farashi.

IYAKOKI BIYU NA JIRGI

Duk wanda ya taɓa ganin ana lodin babbar mota ya san abu biyu ne ke sa direba ya ce kaya sun isa. In siminti ne, tun bodin motar bai cika ba za a ga tayoyi sun danne, dole a dakata. In kuwa katifu ne, za a yi ta jibgawa har su yi tsororuwa, wuri ya ƙare, alhali motar ko jin nauyi ba ta yi ba. Direban da ya ɗauki katifu ba zai yarda a biya shi da kilo ba, domin man da zai sha da kwanakin da zai yi a hanya ba su ragu ba.

To, jirgin ruwa ma haka yake. Yana da iyakar nauyin da zai ɗauka, yana da iyakar wurin da ke cikinsa. Iyakar nauyi a zane take a jikin kowane babban jirgi. Wani ɗan majalisar dokokin Ingila mai suna Samuel Plimsoll ne ya yi ta fafitika a kan yawan nitsewar jiragen da ake maƙare wa kaya, har aka yi doka a 1876 wadda ta wajabta yin wannan zane. In ruwa ya kai ga zanen, ba a ƙara ko da buhu ɗaya. Iyakar wuri kuwa ba ta bukatar doka, domin in rumbun jirgi ya cika, ya cika.

Burin mai jirgi shi ne ya tashi wuri ya cika, nauyi kuma ya kai. Yawancin kayan masana'antu na zamani, kamar robobi da takalma da tufafi da kayan lantarki, sun fi cin wuri bisa ga nauyinsu. Saboda haka sau da yawa wuri ke fara ƙarewa, kuma abin da ke fara ƙarewa shi ake sa wa kuɗi.

MA'AUNIN WURI

Ma'aunin da ake auna wuri da shi sunansa kubik mita, wanda 'yan kasuwa suka fi sani da CBM. Mai karatu ya ƙaddara akwati mai tsawon mita 1, da faɗin mita 1, da bisa mita 1. Cikin wannan akwati shi ne kubik mita ɗaya. In an cika shi da ruwa zai ci lita 1,000, watau jarka 40 mai cin lita 25, kuma nauyin ruwan zai zama kilo 1,000, watau tan ɗaya.

Lissafin ba shi da wuya. Ana auna tsawo da faɗi da bisa na kwali, a mai da su mita, sa'an nan a riɓanya: tsawo sau faɗi sau bisa. Alal misali, kwali mai tsawon santimita 60, faɗi 50, bisa 40, zai zama 0.6 sau 0.5 sau 0.4, watau kubik 0.12. In irin wannan kwali 50 ne, jimlarsu kubik 6 ke nan.

Akwai abin lura guda biyu a nan. Na farko, bayan kwali ake aunawa, ba abin da ke ciki ba. In kwali rabinsa iska ce, an biya kuɗin iskar. Na biyu, in kaya ba su da siffar akwati, kamar inji mai hannu a gefe ko buhu mai tumbi, daga inda suka fi tsawo da faɗi ake aunawa, domin ba wanda zai iya amfani da lungun da suka bari. In an ɗora kaya a kan dandamalin katako don injin ɗaga kaya ya ɗauka, shi ma dandamalin yana cikin awo.

A da, lokacin da ake aiki da ma'aunin Ingila, kubik ƙafa 40 ake ɗauka a matsayin tan ɗaya na dako. Tsofaffin 'yan kasuwa za su tuna da shi. Yanzu kubik mita ya maye gurbinsa a yawancin hanyoyin ruwa.

ƘA'IDAR NAUYI KO GIRMA

Ga kayan da ba su cika kwantena ba, kamfanonin jigila suna bin wata tsohuwar ƙa'ida da ake kira nauyi ko girma. Ana auna kayan da kubik, a kuma auna su da tan, sa'an nan a ɗauki wanda ya fi yawa, a kansa ake biya. Kubik ɗaya ana daidaita shi da kilo 1,000, watau nauyin ruwa. Duk kayan da suka fi ruwa sauƙi, girmansu ake bi. Duk kayan da suka fi ruwa nauyi, nauyinsu ake bi.

Bari mu kawo misali da 'yan kasuwa biyu. Farashin da za mu yi aiki da shi na kwatance ne kawai, domin farashin gaske yana hawa yana sauka. Mu ƙaddara ana biyan dala 100 a kan kowane kubik ko tan.

Na farko ya sayo takalman roba kwali 50 irin wanda muka auna a baya, kowane kwali kilo 15. Girmansu kubik 6, nauyinsu kilo 750, watau bai kai tan ɗaya ba. Tun da 6 ya fi yawa, zai biya dala 600.

Na biyu ya sayo kusoshi da notuna akwati 100. Kowane akwati tsawonsa santimita 40, faɗi 25, bisa 20, watau kubik 0.02, nauyinsa kilo 30. Jimlar girma kubik 2, jimlar nauyi kilo 3,000, watau tan 3. Tun da 3 ya fi yawa, zai biya dala 300.

Mai karatu ya duba da kyau. Kayan na biyu sun ninka na farko nauyi sau huɗu, amma rabin kuɗin na farko ya biya. Wanda bai san ƙa'idar ba zai ce an cuci mai takalma, alhali kuwa takalmansa sun ci wurin da ya ninka na kusoshin sau uku.

Ya kamata kuma a san abu biyu. Yawancin kamfanoni ba sa karɓar kuɗin da ya gaza na kubik ɗaya, ko da kayan rabin kubik ne. Sa'an nan wasu ejan-ejan da ke haɗa kayan mutane suna da tasu iyakar nauyi ga kowane kubik, wadda ba ta kai kilo 1,000 ba, kuma in kaya suka wuce ta sai su ƙara kuɗi. Lalle ne a tambayi wannan tun kafin a miƙa kaya. A jirgin sama ma akwai irin wannan ƙa'ida, sai dai can kubik ɗaya daidai yake da kilo 167.

KWANTENA DA ABIN DA TAKE CI

Kafin zuwan kwantena, buhu-buhu da akwati-akwati ake loda jirgi, leburori suna ɗauka suna jerawa, har jirgi kan yi mako guda ko fiye a tasha. Wani Ba'amurke mai motocin dako, Malcom McLean, shi ne ya jarraba sabuwar hanya. A ranar 26 ga Afrilu, 1956, jirginsa mai suna Ideal X ya tashi daga tashar Newark zuwa Houston a Amurka da manyan akwatunan ƙarfe 58. Daga baya, a ƙarshen shekarun 1960, ƙasashe suka daidaita girman akwatunan, yadda kwantenar da aka loda a ƙasar Sin za ta hau jirgi da tirela da jirgin ƙasa a Nijeriya ba tare da an buɗe ta ba.

Iri uku aka fi amfani da su:

Mai ƙafa 20 tana da wuri wajen kubik 33, tana iya ɗaukar nauyi wajen tan 28.

Mai ƙafa 40 tana da wuri wajen kubik 67, tana iya ɗaukar nauyi wajen tan 26 zuwa 27.

Mai ƙafa 40 mai dogon rufi tana da wuri wajen kubik 76, nauyin da take ɗauka kuwa kusan daidai yake da na 'yar'uwarta.

Waɗannan alƙaluma na cikin kwantena ne in babu kome. A aikace ba a cika ta maƙil, domin kwalaye suna barin rata tsakaninsu da bango da rufi. Mai hankali yakan yi lissafinsa a kan kubik 25 zuwa 28 ga mai ƙafa 20, da wajen 55 zuwa 60 ga mai ƙafa 40.

Abin da ya fi muhimmanci a cikin wannan jeri shi ne, babbar kwantena ta ninka ƙarama wuri, amma ba ta fi ta ɗaukar nauyi ba. Saboda haka kaya masu nauyi, kamar tayil da batura da ƙarfe, ƙaramar kwantena ta dace da su. Wanda ya zuba tayil a mai ƙafa 40 zai kai iyakar nauyi tun rabinta bai cika ba, ya biya kuɗin sauran wurin a banza. Kaya marasa nauyi kuwa, kamar robobi da kujeru da barguna, babba ta dace da su, tun da yake kuɗin mai ƙafa 40 yawanci ba ya kaiwa ninkin na mai ƙafa 20.

Kayan da muke fitarwa sun nuna wannan a fili. Riɗi ƙwaya ce mai zama daram a buhu, kuma kwantena mai ƙafa 20 takan ɗauki wajen tan 19. Busasshen soɓorodo, wanda ake kaiwa ƙasashe irin su Meksiko, ba shi da nauyi, har kwantena mai ƙafa 40 takan cika da wajen tan 12 kacal. Ke nan kowane tan na soɓorodo yana ɗaukar kuɗin dako fiye da tan na riɗi nesa ba kusa ba, kuma mai saye a ƙasar waje yana sa wannan cikin lissafinsa kafin ya taya.

KWANTENAR TARAYYA KO CIKAKKIYA

Ɗan kasuwa yana da zaɓi biyu. Ko dai ya ɗauki kwantena sukutum, ya biya farashi guda ko ta cika ko ba ta cika ba, ko kuwa ya ba ejan kayansa a haɗa da na wasu, kowa ya biya gwargwadon kubik ɗinsa. Hanya ta biyu ta taimaki masu ƙaramin jari ƙwarai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da ita ne mai kwali 20 a Gwangzu ko Dubai yake iya kawo kayansa Legas.

Amma kubik ɗin kwantenar tarayya ya fi tsada. Dalili kuwa shi ne, sai an tara kayan a sito, an auna, an jera, in an iso kuma sai an sauke an rarraba, kowane mai kaya da takardunsa. Duk wannan aiki biyansa ake yi. Saboda haka akwai inda in kaya suka kai, ɗaukar kwantena cikakkiya ya fi sauƙi.

Mu sake kwatance. A ce kwantena mai ƙafa 20 dala 2,100 ce, kubik ɗin tarayya kuma, in an haɗa da kuɗin rarrabawa, dala 140. In an raba 2,100 da 140 za a sami 15. Ke nan mai kubik 15 ko wace hanya ya bi kuɗin ɗaya ne. Mai kubik 10 zai biya dala 1,400 a tarayya, ya tsira da 700. Mai kubik 20 kuwa in ya shiga tarayya zai biya 2,800, ya yi hasarar 700. Wanda kuma ya cika kwantenar da kubik 28, kowane kubik ya tsaya masa a dala 75, kusan rabin na tarayya. A aikace wannan mahaɗa takan faɗo wajen kubik 13 zuwa 15, amma kowa ya yi lissafinsa da farashin ranar.

Ban da kuɗi, akwai lokaci. Kwantenar tarayya takan jira sai ta cika kafin ta tashi. In kuma takardun mutum ɗaya suka sami matsala a kwastan, ko aka sami haramtaccen kaya a cikin nasa, kayan kowa na iya tsayawa.

ƊAURI DA SHIRYA KAYA

Tun da wuri ake saye, duk dabarar da ta rage girman kaya riba ce. Wannan ba sabon ilmi ba ne a ƙasar nan. Bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, aka shiga cinikin gyaɗa gadan-gadan, ɓararriya ake kaiwa Legas, domin ɓawo wuri yake ci, ba shi kuma da mai. Haka auduga: a masana'antun gurza irin ta Funtuwa akan cire gurya, sa'an nan inji ya matse kaɗa ta zama dunƙulallen dila a ɗaure da ƙarfe. In ba don matsewar nan ba, da kuɗin dako ya cinye ribar audugar tun ba ta isa Ingila ba.

Mu koma ga mai takalman roba. In ya sa masana'anta ta jera takalman kai da ƙafa, bisan kwali ya sauko daga santimita 40 zuwa 30, kowane kwali ya zama kubik 0.09, jimla kubik 4.5. Ya rage kubik ɗaya da rabi, watau dala 150, kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin dakonsa, takalmi ko ɗaya bai ragu ba. Haka kuma in aka rage kashi 10 cikin 100 daga tsawo da faɗi da bisa gaba ɗaya, girman yakan ragu da kashi 27 cikin 100, domin awo uku ne ke riɓanya juna.

Wannan shi ya sa ake cusa bokitai cikin juna, ake kawo gadaje da kabad a kwance, ake zuƙe iskar barguna da katifu, ake kuma kawo babura a warware cikin akwati a haɗa su a nan. Sai dai a kiyaye, kada neman ragi ya kai ga sakaci. Kwantena tana shan girgiza makonni a teku, ga zafi da gumi. Kwalin da ya yi laushi zai murƙushe, hasarar kuma ta fi abin da aka rage.

Har ila yau wannan lissafi yana nuna irin kayan da ya fi dacewa a ƙera a gida. Kubik ɗaya na wayoyin hannu dukiya ce mai yawa, kuɗin dakonsa ba ya taka kara ya karya. Kubik ɗaya na tankin ruwa na roba kuwa iska ce mafi yawansa. Shi ya sa masana'antu a Sharaɗa da Bompai da Ikeja suka gwammace su sayi ƙwayar roba, wadda ke zama daram a buhu, su narka su ƙera tanki da bokiti kusa da mai saye.

YAWAN KAYA A HANYA DA A TASHA

Ya zuwa yanzu girman kayan mutum ɗaya muke magana. Amma farashin kubik kansa yana bin yawan kayan da ke neman wuri a hanyar baki ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza, kuma abubuwa uku ne suka fi motsa wannan farashi.

Na farko, girman jirgi. Manyan jiragen yau suna ɗaukar fiye da kwantena 24,000 in an lissafta da mai ƙafa 20. Ma'aikatan irin wannan jirgi ba su fi na matsakaicin jirgi yawa sosai ba, man da kowace kwantena ke ci kuma ya ragu, saboda haka kuɗin kowane kubik yana sauka. Amma babban jirgi sai tasha mai zurfi. Wannan yana daga cikin dalilan gina tashar Lekki, wadda aka buɗe a Janairun 2023, mai zurfin mita 16.5.

Na biyu, daidaiton shiga da fita. Kwantenonin da ke shigowa Nijeriya cike sun fi waɗanda ke fita cike yawa, da yawa kuma sukan koma wayam. Kwantenar da ba kome cikinta wuri ɗaya take ci da cikakkiya, kuma kamfanin jirgi yana sa kuɗin komawarta cikin abin da mai shigo da kaya ke biya. Ke nan duk tan na riɗi ko citta ko kashu da aka ƙara fitarwa yana taimakawa wajen sauƙaƙa dako ga kowa.

Na uku, cunkoso. Ƙasar nan ta ga misalin wannan a 1975, lokacin da aka yi odar siminti wajen tan miliyan 20, abin da ya fi ƙarfin tashar Legas nesa ba kusa ba. Jirage fiye da 400 suka yi jerin gwano a bakin teku, wasu watanni suna jira, ana biyan kuɗin jinkiri kowace rana, sauran kayan masarufi kuma suka rasa hanyar sauka. Wannan yana cikin abin da ya gaggauta gina tashar Tin Kan, wadda aka buɗe a 1977. Duniya ma ta ga irinsa bayan annobar korona. Ma'aunin farashi na kamfanin Drewry ya nuna matsakaicin kuɗin kwantena mai ƙafa 40 a manyan hanyoyi ya haura dala 10,000 a Satumban 2021, alhali a 2019 wajen dala 1,400 ne. Haka kuma daga ƙarshen 2023, da hare-hare a Bahar Maliya suka sa jirage da yawa kewayawa ta kudancin Afirka, tafiya tsakanin Asiya da Turai ta ƙaru da wajen kwana 10, jirage suka yi ƙaranci, farashi ya hau har a hanyoyin da ba su bi ta wurin ba.

SAURAN KUƊAƊEN DA GIRMA KE SHAFA

Kuɗin jirgi ba shi ne ƙarshen biya ba. Akwai ƙarin kuɗin mai, da kuɗin sauke kaya a tasha, da na ajiya, da na jinkirin mayar da kwantena in kwanakin da aka bayar kyauta sun wuce. Yawancinsu a kan kwantena ko kubik ake yanka su. Akwai kuma kuɗin tirela daga Legas zuwa Kano, tafiyar wajen kilomita 1,000. Domin kusanto da aikin tasha ga 'yan kasuwar Arewa ne aka buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, da ta Dala a Kano a 2023.

Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne kuɗin kwastan. Ana lissafa shi a kan jimlar abu uku: kuɗin kaya, da inshora, da kuɗin dako. Ke nan in dako ya hau saboda mugun ɗauri, kuɗin kwastan ma ya hau. Wanda ya yi sakaci da awo sau biyu yake biya.

FAƊIN GASKIYA A TAKARDA

Wasu sukan rage girma ko nauyin kaya a takarda don neman sauƙi. Wannan ba dabara ba ce, domin ana sake awo a sito da a tasha, in an ga bambanci a biya cikon har da tara, kaya kuma su makara. Bayan haka akwai hatsari ga rayuka. Masu jirgi da nauyin da aka rubuta suke tsara inda kowace kwantena za ta zauna, masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama. Da jirgin MSC Napoli ya tsage a tekun Ingila a Janairun 2007, masu bincike sun auna kwantenonin da ke samansa, suka tarar wajen ɗaya cikin biyar ta bambanta da abin da aka rubuta da fiye da tan 3. Daga ranar 1 ga Yuli, 2016, dokar kiyaye rayuka a teku ta hana a ɗora cikakkiyar kwantena a jirgi sai an tabbatar da nauyinta.

SHAWARWARI GA MASU ODAR KAYA

1. Kafin ka biya kuɗin kaya, ka nemi masana'anta ta ba ka awon kwali, da nauyinsa, da yawan abin da ke ciki, a rubuce.

2. Ka yi lissafin kubik da tan da kanka, ka ga wanne ya fi yawa.

3. Ka raba kuɗin dako da yawan kayan, ka san abin da ya hau kan kowane ɗaya, sa'an nan ka kwatanta da farashin kasuwa. Kayan da suka yi araha a can suna iya yin tsada a nan.

4. In kayanka sun kusa kubik 13, ka nemi farashin kwantena cikakkiya ka gwada. In ba su kai ba, ka duba ko za ka haɗa da amintattun abokan sana'a.

5. Ka nemi farashi daga ejan biyu ko uku, kowa ya rubuta abin da ke cikin farashinsa da abin da ba ya ciki, musamman kuɗin kwastan da na tasha.

6. Ka yi hulɗa da ejan mai rajista da lasisi, ka adana takardar shaidar lodi da takardar jerin kaya da rasit.

7. Ka shirya takardun fitar da kaya tun jirgi bai iso ba, don gudun kuɗin jinkiri.

8. In ka ga an caje ka abin da bai dace ba, ka kai ƙara ga Majalisar Masu Jigilar Kaya ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978 domin kare masu shigo da kaya da masu fitarwa.

KAMMALAWA

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. A harkar jirgin ruwa dai ƙimar ido ba ta wadatarwa, sai an sa magwaji da sikeli. Ɗan kasuwar da ya san kubik ɗin kayansa tun suna masana'anta, ya zaɓi kwantenar da ta dace, ya kuma rubuta gaskiya a takarda, ya kare jarinsa, ya kuma sauƙaƙa wa mai saye. Ana roƙon shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na manoma, da duk wanda wannan ɗan littafi ya shiga hannunsa, su karanta wa waɗanda ba su sami damar karantawa ba, domin amfanin ya game kowa.